Damina da hunturu a jirgin kwamfuta: yadda ake saita yanayin Ɗambatta da maimaicin tafiya

Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ita ce wadda ke mayar da kwamfutar gida tamkar ɗakin matuƙi: agogunan auna gudu da tsayi a gaba, titin tashi a miƙe, ƙasa kuma a shimfiɗe a ƙarƙashi. Wanda ya zaɓi filin jirgin Malam Aminu Kano, ya tayar da ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172, ya fuskanci arewa sak, zai iske kansa a saman garin Ɗambatta cikin kimanin minti 15, domin tazarar da ke tsakani a miƙe ba ta wuce kilomita 43 ba. Sai dai Ɗambattar da zai gani ba lallai ta zama wadda ya sani ba. Yana iya zaɓar watan Agusta ya tarar da gonaki fayau kamar tsakiyar rani, ko ya zaɓi Janairu ya hango Kazaure garau, alhali a irin wannan lokaci hazo kan hana mutum ganin ƙarshen gonarsa.

Dalili shi ne an gina waɗannan manhajoji a kan lokuta huɗu na Turai da Amurka ta Arewa. Mai son jirginsa ya yi tafiya a cikin daminarmu da hunturunmu da bazararmu, dole ya saita su da hannunsa, kuma abin da ya fi muhimmanci a saitin ba launin ƙasa ba ne, iska ce da zafi da nisan gani. Bayan an sauka kuma, maimaicin tafiya ne ke nuna abin da yanayin ya yi wa jirgi da abin da matuƙi ya yi da kansa.

Manhajojin da ake magana a kai

Asalin abin na'urar horo ce. Wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙi a 1929, aka horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Microsoft ya fitar da manhajarsa ta farko ta gida a 1982, daga aikin Bruce Artwick. A yau guda huɗu ne suka fi dacewa a ambata.

Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, ya fito ranar 18 ga Agusta na shekarar, yana kuma ɗauko hoton duniya daga taswirar Bing ta intanet. Magajinsa ya fito ranar 19 ga Nuwamba, 2024, kuma shi ne ya zo da sauyin ganyen itatuwa bisa lokacin shekara. X-Plane 12 na kamfanin Laminar Research ya fito a Disamba 2022, da nasa sauyin lokutan da kuma maimaici mai sauƙin amfani. FlightGear kyauta ce, ƴan sa-kai ke gina ta tun 1997, kowa na iya saukewa ya kuma gyara ta. Ta huɗun ita ce tsohuwar Flight Simulator X ta 2006, wadda ba a raina ta a nan, domin tana tashi a tsohuwar laftof kuma ba ta buƙatar intanet da zarar an ɗora ta. A waya akwai Infinite Flight da X-Plane na hannu, amma damar saita yanayi a cikinsu ba ta kai ta kwamfuta ba.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke ba da lasisi. Awannin da mutum ya yi a ɗakinsa ba sa shiga littafin tuƙi, sai waɗanda aka yi a na'urar da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta amince da ita, irin waɗanda ke Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Amfanin ta gida shi ne fahimta: yadda ake karanta agoguna, yadda ake karanta rahoton yanayi, da dalilin da ke sa a soke tashin jirgi.

Inda hoton ƙasa yake fitowa

Hanya biyu ake bi wajen zana ƙasa. Ta farko ita ce shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam a kan tudu da kwari, wadda Microsoft ke bi tun 2020. Ta biyun ita ce rarraba ƙasa gida-gida, a ce nan gona ce, nan daji, nan gari, sannan a lulluɓe kowane gida da zanen da aka tanada tun farko. X-Plane da FlightGear da Flight Simulator X duk wannan suke bi. Kowace hanya da irin kuskurenta.

Hoton tauraro rana ɗaya aka ɗauke shi, kuma ana zaɓar ranar da babu gajimare. A yankinmu irin waɗannan ranaku sun fi yawa a rani, shi ya sa ƙasa kan fito da launin jar ƙasa ko da an saita kwanan wata a tsakiyar damina. Wani lokaci ma akan ga layi miƙaƙƙe ya raba gonaki biyu, ɓangare ɗaya kore shar, ɗayan busasshe. Ba iyakar ban-ruwa ba ce, mahaɗar hotuna biyu ce da aka ɗauka a watanni daban. Haka Dam ɗin Thomas, wanda ke cika a ƙarshen damina ya ja baya a bazara, girma ɗaya yake da shi a manhaja daga Janairu har Disamba.

Gine-gine da itatuwa kuwa kwamfuta ce ke hasashensu daga hoton. Microsoft ya yi aiki da kamfanin Blackshark.ai na ƙasar Austiriya a kan haka. Rufin kwano mai ƙyalli yana da sauƙin ganewa. Soron ƙasa, wanda launinsa ɗaya da filin da ke kewaye da shi, da rumbu, da dangar kara, sukan ɓace ko su koma wani gini da ba a san irinsa a ƙauyukan Kano ba. Cikakken zane mai fito da kowane gini da siffarsa an fi yi wa biranen Turai da Amurka da Japan.

Akwai hanyar gane tsufan hoto. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi, kuma ya ratsa Ɗambatta da Kazaure da Daura. In an bi ta sama ba a ga sharar hanyar ba, hoton ya girmi aikin. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna kwanan watan kowane hoto, tana kuma ba da damar komawa shekarun baya. Wannan dabara ce da ƴan jarida ke amfani da ita wajen bibiyar kwangila, ba masu wasan jirgi kaɗai ba.

Lokutanmu da nasu

A Flight Simulator X akwai zanen ƙasa iri biyar: lokacin toho, lokacin zafi, lokacin zubar ganye, lokacin sanyi, da tsananin sanyi mai dusar ƙanƙara. FlightGear ta daɗe da zaɓi biyu kacal, zafi ko sanyi. Sababbin manhajoji suna duba kwanan wata da nisan wuri daga tsakiyar duniya, su sauya ganyen itace daidai da haka. Duk dai tunani ɗaya ne: sanyi ke zubar da ganye, ɗumi ke dawo da shi.

A Ɗambatta ruwa ne ke wannan hukunci. Damina takan kankama a Yuni ta kai ƙarshen Satumba, Agusta ne kuma watan marka. Kaka na biye, lokacin girbin gero da dawa da wake da gyaɗa. Hunturu kan ɗauki Disamba zuwa Fabrairu, sannan bazara daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko. Ruwan shekara a yankin Kano yakan kai milimita 800 zuwa 900, kusan dukkansa cikin wata huɗu.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, da itatuwa a warwatse a tsakiyar shuka. Ƙaramar hukumar Ɗambatta, mai faɗin murabba'in kilomita 732 da mutum 207,968 a ƙidayar 2006, irin wannan ƙasa ce. Daga sama ba daji ba ce, ba kuma hamada ba ce, amma tsarin rarraba ƙasa gida-gida yakan jefa ta cikin ɗayan biyun.

Gawo ne ya fi tona asirin manhajar. Wannan itace yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a gona: ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi. Kuka tana yin akasin haka, tsirara take tun daga hunturu har ruwa ya kusa. Darbejiya da mangwaro ba sa rabuwa da ganye. Wato a watan Fabrairu gonar Ɗambatta jar ƙasa ce mai ɗigo-ɗigon kore, a Agusta kuma koriyar shimfiɗa ce da gawo ke tsaye a cikinta ba ganye. Manhajar da ke bin kalandar Turai ba za ta iya fitar da wannan da kanta ba.

Abu ɗaya da kwanan wata ke kawowa daidai shi ne rana. Ɗambatta na kan digiri 12 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. A lura dai cewa agogon jiragen sama na duniya yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Abin da ake saitawa da hannu

Kowace manhaja tana da shafin yanayi mai zaɓi biyu: ta ɗauko na ainihi daga intanet, ko mai tuƙi ya saita nasa. Na ainihin ya dogara ne da rahoton da ake kira METAR, wanda a Najeriya Hukumar NiMet ke fitarwa daga filayen jiragen sama. Ɗambatta ba ta da irin wannan tasha, saboda haka na Kano ake ara mata, ko a cike giɓin da hasashe. Lambar filin Kano ita ce DNKN. Ga layi na gwaji, ba rahoton wata rana ba:

DNKN 150700Z 06012KT 0800 DU NSC 15/02 Q1018

Fassararsa: ranar 15 ga wata, ƙarfe 7 agogon duniya, wato 8 na safe a Kano. Iska na tahowa daga digiri 60, arewa maso gabas, da gudun kusan kilomita 22 a awa. Ido ba ya wuce mita 800. DU ƙura ce, da HZ ne da hazo ke nan, TS kuma hadari mai tsawa. Babu gajimaren kirki, zafi digiri 15, iska a bushe ƙamas. FlightGear tana karɓar irin wannan layi kai-tsaye a shafin yanayinta. A X-Plane da Flight Simulator X akwai ma'aunin nisan gani da ake ja sama ko ƙasa. Microsoft na 2020 ba shi da wannan ma'auni, sai wani na kaurin ƙurar da ke cikin iska, wanda ake ƙarawa har sararin ya yi duhu yadda ake so.

Hunturu. A sa kwanan wata tsakiyar Janairu, a share gajimare, a sa iska daga arewa maso gabas. Babban titin filin Kano ana kiransa 06/24, tsawonsa kimanin mita 3,300. Lambobin alƙibla ce: 06 na fuskantar digiri 60, 24 kuma digiri 240. Tunda jirgi na tashi da sauka ne yana fuskantar iska, 06 ne titin hunturu. A fara da nisan gani na mita 5,000, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da dokar ƙasa-da-ƙasa ta yarda a yi tuƙin ido da shi a ƙasa da ƙafa 10,000 a mafi yawan sarari. Daga nan a rage zuwa 1,500, sannan 800. Abin da mutum zai fara lura da shi shi ne yana ganin gonar da ke ƙarƙashinsa sarai, amma titin da ke gabansa ya ɓace, domin kallon karkace yana ratsa ƙura mai kauri fiye da kallon tsaye. Hanyar Kano zuwa Daura, wadda matuƙin ido ke bi kamar igiya, takan yanke masa a tsakiya.

Wannan ƙura mafi yawanta daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwaso farar ƙasa ta iso Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinta a filin jirgi shi ne na'urar da ke jagorantar sauka ta rediyo. Mataki na ɗaya na na'urar yana buƙatar a iya ganin mita 550 a kan titi, na biyu mita 300, na uku ƙasa da haka. Wanda ya gwada sauka a mita 800 da na'urar, ya sake gwadawa ba ita, zai fahimci abin da ya faru a Fabrairun 2020, lokacin da hazo ya sa aka riƙa karkatar da jiragen ƙasashen waje daga Legas zuwa Akara, saboda sabuwar na'urar da aka kafa ba a kammala daidaita ta ba. Hazo na Allah ne, amma daidaita na'ura kafin Disamba aikin hukuma ne da ke da kasafi.

Bazara. Nan ba a ganin haɗarin da ido, shi ya sa aka fi mantawa da shi. Filin Kano yana da tsayin kimanin ƙafa 1,560 daga teku, kuma a lissafin da aka gina jirage a kai, zafin wannan tsayi digiri 12 ne. A Afrilu kuwa digiri 40 ba baƙo ba ne. Matuƙa na ƙara kimanin ƙafa 120 a kan kowane digiri ɗaya na rara, wato 28 sau 120, ƙafa 3,360. Jirgi zai ji kamar yana tashi daga dutse mai ƙafa 4,900: iska ta yi sirara, inji ya rage ƙarfi, fiffike na neman ƙarin gudu kafin ya ɗaga. A cika Cessna da mutum huɗu da mai, a tashi da asuba a digiri 20, a sake tashi da azahar a digiri 41, a kwatanta inda taya ta bar ƙasa.

Mutanen Gwammaja sun san wannan lissafi ta hanya mafi ɗaci. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin EAS samfurin BAC 1-11 mai zuwa Legas ya zarce ƙarshen gajeren titin filin, domin ana gyaran babban, ya ɗaga da ƙyar, ya faɗa kan gidaje. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Zafin ranar da nauyin jirgin na cikin abubuwan da bincike ya duba.

Damina. Iskar yau da kullum takan juyo daga kudu maso yamma, sai titi ya koma 24. Amma hadari, kamar yadda kowane manomi ya sani, daga gabas yake haɗowa, da guguwa a gabansa. A saita gajimare masu tsayi, a sa iska mai fizga, a ƙara ruwa. Abin tsoro a nan iska ce da ke faɗowa daga cikin hadari ta bazu a ƙasa: tana fara bugun jirgi ta gaba, gudu ya ƙaru, nan take ta koma ta baya, gudun ya zube. Ita ta kayar da jirgin BOAC da ya tashi daga Kano ranar 24 ga Yuni, 1956, ya bugi itace, mutum 32 cikin 45 suka rasu, tun kafin masana su laƙaba wa irin wannan iska suna. Irinta ce kuma ta haɗu da jirgin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa.

Kaka ba ta da wahala: sarari garau, iska kaɗan, sai ɗan hayaƙi da yamma. Ita ta dace da mai koyo. A irin wannan lokaci ne ma, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka fara sauka a Kano daga Masar.

Batun launin ƙasa kuma, abin da za a iya yi kaɗan ne. Masu X-Plane na amfani da Ortho4XP, manhajar kyauta da ke ɗinka hoton tauraro a kan yankin da aka zaɓa, kuma tana ba da damar zaɓar tushen hoton. Wanda ya sami tushe mai hoton rani da wani mai ɗan kore, yana iya ajiye zubi biyu ya riƙa musanyawa. Ƙarin manhajojin sauya lokuta da ake sayarwa, irin su REX AccuSeason, an yi su ne don jan ganyen Kanada da Jamus. Ba su cancanci kuɗin ɗan Ɗambatta ba.

Maimaicin tafiya

Ana rikita abu biyu. Ɗaukar bidiyon allo, da manhaja irin OBS Studio, yana adana abin da ido ya gani ne kawai. Maimaici na gaskiya lambobi yake adanawa: wurin da jirgi yake, tsayinsa, gudunsa, karkatarsa, sau da yawa a kowace daƙiƙa. Manhajar sai ta sake tuƙa jirgin da waɗannan lambobi, mai kallo kuma ya tsayar, ya koma baya, ya rage gudu, ya kalla daga hasumiya ko daga gefen titi ko daga kujerar matuƙi.

A X-Plane ana danna Alt da R tare, sai sandar gaba da baya ta bayyana, ana kuma iya adana tafiyar a fayil mai ƙarewa da .rep. A FlightGear Ctrl da R ne, ita ma tana adanawa. Flight Simulator X na da maimaici na daƙiƙoƙin ƙarshe, da wani shafi na nazarin tafiya da ke zana hanyar da aka bi a taswira da yadda tsayi ya riƙa sauyawa. Microsoft na 2020 ya fito ba shi da maimaici sam, sai a Nuwamban 2021 aka saka na gwaji a sashen masu ƙirƙira, shi ya sa jama'a suka koma ga na kyauta irin su Sky Dolly da Flight Recorder. A duk cikinsu, abin da ba a adana ba kafin a rufe manhaja ya tafi.

Yawancin mutane daga waje suke kallon maimaici, don su ga hayaƙin taya. Wannan nishaɗi ne. Mai son koyo agoguna yake kallo. Gangarar sauka digiri 3 ce, wato jirgi na sauke kimanin ƙafa 300 a kowane mil ɗin teku. A tsayar da maimaicin a mil 3 daga titi: tsayin ya kusa ƙafa 900 daga ƙasa? Fitilun gefen titi, biyu farare biyu jajaye ne, ko duk sun yi ja? A sake tsayarwa a ƙafa 500. Ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce in a wannan tsayi gudu da alƙibla da gangara ba su daidaita ba, a fasa sauka a sake zagayowa. Maimaici kan nuna cewa saukar da ta lalace a kan titi, tun mil biyu baya ta lalace, kuma akwai daƙiƙar da ya kamata a fasa.

Hanya mafi amfani ita ce a riƙe komai yadda yake, jirgi ɗaya, nauyi ɗaya, titi ɗaya, a sauya yanayi kaɗai. A adana tafiya huɗu daga Kano zuwa saman Ɗambatta da dawowa, kowace da sunan lokacinta, a jera su. Sai dai a sani cewa maimaici ba ya riƙe komai. Wasu manhajojin ba sa adana yanayin da aka yi tafiyar a cikinsa, sai a ga saukar hunturu a sarari garau in ba a mayar da saitin ba. Jiragen da wasu kamfanoni suka ƙera a matsayin ƙari kuma, sau da yawa maɓallansu ba sa motsi a maimaici.

Daga maimaici zuwa baƙin akwati

Wannan tsari shi ne na baƙin akwatin jirgi, wanda a zahiri launin lemo ne. Kashi biyu ne: ɗaya na adana lambobin tafiya na awa 25, ɗaya muryoyin ɗakin matuƙa. Masu bincike na zuba lambobin a kwamfuta su sake kallon tafiyar, kuma X-Plane ma yana karɓar fayil mai ƙarewa da .fdr don irin wannan aiki. A Najeriya Hukumar NSIB ce ke binciken, wadda ta gaji AIB bisa dokar 2022. Ƙa'idar ƙasa-da-ƙasa ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a yi ƙoƙari cikin wata 12, kuma manufarsa hana aukuwar irinsa ce. Rahotannin a buɗe suke ga kowa. Wanda ya saba karanta nasa maimaicin zai iya karanta jadawalin da ke cikinsu, ya kuma tambayi ko an aiwatar da shawarwarin da ke shafukan ƙarshe.

Ɗaya gefen kuma shi ne ƙarya. Da zarar an yi hatsari, bidiyoyi kan cika WhatsApp da Facebook da sunan ainihin abin da ya faru, alhali a manhajar gida aka haɗa su. A Fabrairun 2022 miliyoyin mutane sun kalli bidiyon wani jirgin Yukiren yana harbo na Rasha, daga baya aka gano an yi shi ne a manhajar Digital Combat Simulator. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san maimaici: kyamara na bin jirgi daga inda ɗan'adam ba zai iya tsayawa ba, itatuwa duk kamarsu ɗaya, yanayin kuma bai yi daidai da rahoton ranar ba. Bidiyon hatsarin watan Janairu a Kano mai shuɗin sarari da koren ciyawa ya riga ya ba da kansa.

Data da taswira

Microsoft na 2020 na neman wurin ajiya har gigabayit 150. Na 2024 ya rage wannan, amma ya mayar da nauyin kan intanet: kamfanin ya ce mafi ƙaranci megabit 10 a daƙiƙa, abin so kuma 50. Ga mai sayen data a waya wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shafin saitin data na 2020 ana iya sa iyakar abin da za a ci, a kashe cikakken zanen birane tunda ba ruwan Kano da shi, a kuma ware ma'ajiya a cikin kwamfuta don yankin da aka bi sau ɗaya kada a sake sauke shi. X-Plane da FlightGear ana sauke yankin Afirka ta Yamma sau ɗaya a ci gaba ba intanet.

Hanyoyi da layin dogo da koguna da ke cikin X-Plane, da gine-ginen FlightGear, daga OpenStreetMap ake ɗauko su, taswirar da kowa ke iya buɗe asusu kyauta ya gyara. In hanyar da ta tashi daga Ɗambatta zuwa wani ƙauye ba ta cikin manhaja, galibi ba wanda ya zana ta ne a can. Filayen jirage kuma Laminar Research na karɓar zanen ƴan sa-kai ta manhajar WorldEditor, ya saka su a sabuntawa ta gaba. Gyaran taswira ba ya bayyana washegari, sai masu manhajar sun sake zuba yankin, wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.